Huɗun da Ke Fuskar Agogo

Ina aji uku a elementare, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, malaminmu ya sa mu rubuta lambobin Romawa daga ɗaya zuwa goma sha biyu. Na yi murna, don akwai agogon bango a ɗakin kakata, kullum ina kallonsa. Na rubuta yadda na saba gani. Da Malam ya zo kan huɗu ya ga sanduna huɗu a jere, IIII, sai ya ɗaga allona sama, 'yan aji suka yi ta dariya. Ya ce huɗu IV ce, kuma wanda bai san haka ba bai san komai ba. Da kuka na koma gidanmu a Fagge.

Kakata sunanta Hauwa, Iya muke ce mata. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da Takwara. Kullum in an ci tuwo bayan magariba, takan janyo kujerarta bakin murhu tun garwashi bai mutu ba, ta tura mana dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Tana da murya mai kauri, kuma ba ta gaggawa. In ta zo wurin da labari ya yi daɗi sai ta tsaya tana juya dankali, mu kuwa kamar mu fashe.

Ran nan ta lura na ƙi cin tuwo. Na faɗa mata abin da ya faru, har na ce agogonta ne ya ja mini. Ta yi dariya sai da ta share hawaye da gefen mayafi.

"Ku matso," in ji ta. "Ga ta nan, amma ta yau ba dabba a cikinta, ba kuma ƙarya."

Muka ce ta zo mu ji.

Ta ce kakanmu, wanda ba mu taso mun tarar ba, gyaran agogo yake yi. Yana da rumfa a kasuwar Sabon Gari, ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna duk wurinsa suke kai nasu. Manyan agogai kuwa gida yake kawowa ya yi aikinsu a zaure. Tun tana amarya ya koya mata lambobin da gawayi a ƙasa: sanda ɗaya ɗaya ce, gwafa biyar ce, gicciye goma. In ƙaramar lamba ta bi bayan babba a ƙara, in ta sha gabanta a rage. Tana faɗa tana zana mana su a toka da tsinke.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Hannunsa bai manta aiki ba, da lalube yakan gane abin da ya lalace, amma ƙananan abubuwa sun daina ganuwa. Bai gaya wa kowa ba sai ita. Ya san ranar da aka ji a kasuwa, ba wanda zai sake miƙa masa agogo.

A cikin haka wani akawun kamfanin gyaɗa, Malam Bitrus, Kirista mutumin Zariya, ya kawo agogon bango da ya gada daga mahaifinsa. Ruwan sama ya taɓa shi, lambobin fuskarsa sun koɗe, yana so a sabunta su. Kakanmu ya karɓa, ya kawo gida, ya ajiye shi a gabansa ya rasa ta inda zai fara. Iya ta ce ya ba ta. Ita da ma gwanar zanen ƙwarya ce. Ta fitar da fuskar agogon rana, ta karkata ta har ta hango inuwar tsofaffin lambobin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza da baƙin fenti. Kwana uku ta yi.

Malam Bitrus ya zo karɓa, Iya tana laɓe bayan asabarin ƙofar zaure tana jira ta ji yabo. Sai ta ji ya ɗaga murya.

"Haba Malam! Wannan wace irin huɗu ce? Ko ɗan aji ɗaya ya san IV ake rubutawa. Ka ɓata mini abin da ubana ya bar mini. Gobe sai kowa ya ji a Sabon Gari."

Kakanmu ya riƙe agogon yana dubawa, alhali ba abin da yake gani sai fari. Bai ma san abin da ta rubuta ba.

"Ni kuwa ina bayan asabari," in ji Iya. "Ban taɓa yi wa baƙon namiji magana ba. Amma na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, 'Malam akawu, ka yi haƙuri. Ciro na aljihunka ka duba.'"

Ta ji ƙarar sarƙa, ta ji an buɗe murfi. Can sai Malam Bitrus ya ce, "Ikon Allah." Shekara da shekaru yana ɗauke da agogon nan, yana duba shi sau ba adadi a yini, bai taɓa lura cewa sanduna huɗu ne a jikinsa ba. Ya miƙa wa kakanmu don shi ma ya gani, kakanmu ya kai hannu gefe, ya kama iska.

Iya ta ce ta cikin asabari ta ga fuskar akawun ta sauya. Ya daɗe yana kallon kakanmu. Sannan ya kamo hannunsa a hankali ya ɗora masa agogon a tafi, ya ce, "Malam, ni ne da laifi, ka yafe mini. Aiki ya yi kyau. A gaishe da mutanen gida."

Nan ta tsaya, ta ce labari ya ƙare, kowa ya ɗauki dankalinsa. Ni ta riƙe ni. Ta ce, "Takwara, malaminku bai yi ƙarya ba. A littafi IV ake so, gobe ki rubuta masa IV. Masu ƙera agogo ne suka fi son sanduna huɗu, ban san dalilinsu ba. Amma idonki bai yaudare ki ba, kada ki ƙara yin kuka a kan wannan." Ba ta sake ni ba sai da na rubuta mata har ashirin a toka, ta gyara mini sha tara sau biyu.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin ranar da Iya ta kayar da ɗan boko, ina ba ƙawayena ina taƙama. Sai bayan rasuwarta, ina da 'ya'ya uku, mahaifina ya faɗa mini abin da ta tsallake. Ba fenti kaɗai ta yi ba. Daga wannan shekarar har kakanmu ya bar duniya, ita ce ke kwance agogai ta ɗaura a ɗaka da 'yar matsefatar cire ƙaya, yana gefenta yana gaya mata abin da za ta taɓa. Da safe mahaifina ya raka shi rumfa, ya zauna da rawaninsa yana karɓar yabo. Malam Bitrus kuwa ya yi ta turo abokan aikinsa, kuma har ya koma Zariya bai taɓa furta wa kowa abin da ya gani a zauren ba.

Na tambayi mahaifina me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba, ita da ba ta ƙi a yabe ta ba. Ya ce shi ma ya taɓa tambayarta, bayan kakanmu ya yi shekaru a ƙasa. Ta dube shi ta ce, "Mutane sun san ubanka da gyaran agogo. A bar masa abinsa."