Yadda Sabo ya dawo ciyayya da damarsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Sabo mai injin niƙa. Taubashina ne, tare muka tashi a Gyadi-Gyadi, don haka tsokana ce gaisuwarmu tun muna yara.

A shekarar da sojoji suka koma bariki bel ɗin injinsa na Unguwa Uku ya kama masa hannun riga. Gari na ta hidimar zaɓe da rantsar da sababbin shugabanni, mu kuwa muna asibiti, aka yanke masa dama daga ƙasan gwiwar hannu. Zafin ciwon bai karya shi ba, ciyayya ce ta karya shi. A layinmu bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gida, a haɗa a ci tare. To wa zai tsoma hagu, hannun tsarki, a kwanon da jama'a ke ci? Muka ce masa lalura ce, liman ma ya faɗa masa, ya ƙi. Yakan aiko da kwanon gidansa, shi yana ɗaki, har ya fara ramewa. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa ƙwarai.

A asibiti aka ce ba za a sa masa hannun roba ba sai dungun ya warke, wata da watanni. Ma'aikaciyar gashin ƙashi, wata 'yar Filato mazauniyar Tarauni, ta ce ba za a zauna jira ba. Ta ɗaura masa hannun gwaji a hagunsa mai lafiya, wata ƙugiyar ƙarfe mai baki biyu da ke buɗewa in ya motsa kafaɗa. Sabo ya ce, "Madam, dama aka yanke, me hagu ta yi miki?" Ta ce, "Malam Sabo, a ƙwaƙwalwa koyo yake zama. Abin da hagu ta iya, dama za ta zo ta tarar."

Kullum da safe yana tsakar gida da cokali a ƙugiya, yana ɗebo wake daga wannan kwano zuwa wancan. Rabi a ƙasa yake ƙarewa. Na ce masa kajin gidansa ne kaɗai suka ci ribar mulkin farar hula. Ya harare ni, ya sake ɗebowa.

Ranar da aka ɗaura masa na gasken a dama, ina wajen. Ƙugiyar ta buɗe ta cafke cokali kamar ta saba, duk da hannun bai taɓa gwadawa ba. Kafin mako ya zagayo sai ga shi ya fito bayan magariba, ya zauna gefena, ya yi bisimilla, ya sa cokali a shinkafa da wake. Sai ya ce, "Kai Audu, matsa, ka tare mini ɓangaren mai."

Da yana raye yau, zai ga hannuwan roba masu yatsu da launin fata, kuma na san sai ya ce ado ne kawai, a ba su cokali a gani. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne layinmu, inda samari masu hannu biyu lafiyayyu ke ci a ɗaki suna kallon waya.

Bai bar dukiya ba, injin ma tuni aka sayar. Taurin kansa ya bar mini, kuma sai bara na san amfaninsa, da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa damata. Likita ya ce in riƙa aiki da hagu, zai taimaki damar. Ni da na yi wa Sabo dariya, ga ni kullum da safe da wake da kwano biyu. Mu uku muka rage a ciyayyar, kuma tun da na kwanta ban fita ba. Jiya yatsun damata suka riƙe cokali har bakina. Na ce wa matata Hajiya ranar Juma'a ta zuba nawa a babban kwano, a waje zan ci.