Iyakar da Baba Bai Nuna Mana Ba

A shekarar da ƙafafun Baba suka fara kumburi, buri ɗaya ya rage masa: ya zaga gonarmu ta bayan gari da ni da Yayana, ya nuna mana iyaka. A wajenmu, can gefen Bagwai, gona manne take da gona. Gambar da kakanni suka dasa a tsakani, awaki da gobara sun cinye ta tuntuni, kuma a gidanmu Baba kaɗai ya san inda ta bi. Na ce ya nuna min, tunda ni ne a gida. Ya ƙi. Wai in ya nuna wa ɗaya, rigima ya bar mana.

Yaya yana Abuja, a ofishin da ke kula da kwamfutocin rarraba wutar lantarki. Na kira shi bayan an yanke gero, ya ce an soke hutun kowa. An sami labarin wasu na shirin kutse ta intanet, su kashe wutar ƙasar nan baki ɗaya, asibitoci da famfunan ruwa duk su tsaya.

Na ce, "To yaushe za su zo?"

Ya ce, "Da an sani, ai da na taho."

Na gaya wa Baba, ina jiran ya yi faɗa. Sai ya ce, "Ƙyale shi. Kai da nake sa ka tsaron tsuntsu, tashi kake yi don ba su sauka ba?"

Abin ya ba ni haushi. Ni ne mai kai shi asibiti a babur, ni ne mai juya shi a shimfiɗa, amma mai gadin abin da ba a gani shi ake yi wa uzuri. Na gaji da kira, na gaji da jin "sai wani satin", har na daina tambaya.

Aka girbe dawa, rani ya yi nisa. Ko masu kutsen ba su zo ba ne, ko sun zo an tare su, Yaya ya ce ba shi da izinin faɗa. Da ya sami hutu, ya tarar bakin Baba ya riga ya mutu, ba ya iya magana.

Duk da haka muka kai shi gonar a amalanke. Ya ɗaga hannu zai nuna, hannun na kai da komo tsakanin gonarmu da ta maƙwabci. Yaya ya dube ni, na dube shi.

Da damina ta faɗi, maƙwabcin ya ja kunyoyinsa inda ya ga dama. Ina tsaye ina kallo, ni kaina ban san inda iyakar ta bi ba.