Ranar da yawun surukina ya ƙafe

Ko na tsufa har na manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da yawun surukina ya ƙafe ba, don ni ce sanadi.

Tsohon ya yi suna a Dakoro wajen tofi. Wanda kunama ta harba, jaririn da ya ƙi nono, raƙumin da ya ƙi tashi, duk ƙofarsa ake kawo su, ya karanta addu'a ya tofa. Ni kuwa lokacin watana biyar a gidan, kunya ta cika ni fal. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na kai masa abinci, ajiyewa nake in gudu.

Wata safiyar ranar kasuwa na jiyo shi yana nishi, cikinsa na murɗawa, maigidana kuma ya tafi Ɗan Gulbi. Ina da ragowar ƙwayoyin ciwon ciki da aka taɓa ba ni a asibiti. Na ɗora cikakken kati ɗaya na ƙwayoyin a gefen kwanon furarsa, na ajiye, na arce. Ban faɗi nawa ake sha ba. Da wane bakin? Da na koma ɗaukar kwano, na tarar da ramuka shida a katin. Ashe ya duba ƙanƙantar ƙwayar, ya yanke cewa guda ɗaya ta yara ce.

Ciki kam ya lafa. Da hantsi wasu makiyaya daga Azagor suka iso da raƙumarsu mai ciwon ƙafa. Ina leƙe ta kafar zana, Baba ya karanta addu'a, ya tattara baki, ya ce "tuf". Iska kawai ta fito. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta miƙe, ko ɗigo. Raƙumar kuwa, kamar da gayya, sai dalalar da nata take yi har ƙasa.

Aka kawo tsamiya ya tsotsa, aka yanka lemun tsami a gabansa. Duk wanda ke wurin bakinsa ya cika, ban da mai buƙata. Babban makiyayan ya ce, "Malam, to kai karanta, ni in tohwa mana." Baba ya harare shi ya ce, "Ina ka taɓa jin an yi aron yawu?"

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Fuskarsa ta yi zafi, ga rana amma ko gumi babu. Ƙirjinsa na dukan uku-uku. Ya ɗauko takarda ya ce rubutun ya narke. Wani ya leƙa idonsa ya ja da baya, wai baƙin ya buɗe kamar na mage. Nan take Baba ya gano wa kansa dalili: ɗaure masa yawu aka yi. Kuma wa ya ba shi goro da safe? Amininsa, wani tsohon mahauci da suka shekara arba'in suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Aka kira mahaucin. Ya zo da gudu, da wuƙarsa a ɗamara don ya manta bai ajiye ba, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Baba ya ce da muryar da ta bushe, "Mi na yi maka? In ba ka kwance abin ga ba, ni da kai har abada." Mahaucin ya tsaya baki buɗe, hawaye na bin gemunsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, ga katin a ƙulle a bakin zanena yana ƙona ni.

Ban san lokacin da na fito ba. Na durƙusa a tsakiyar maza, kaina a ƙasa, na miƙa katin na ce, "Baba, ba goro ba ne. Ni ce." Baba ya ce, "Ashe ɗiyar ga tana da murya?"

A amalanken makiyayan aka kai shi asibiti. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ƙirga ramukan katin ya riƙe haɓa. Ya ce, "Baba, akwai jijiyoyi cikin jiki da ba su jiran umarninka. Wasu na zaburar da jiki, wasu na kwantar da shi. Masu kwantarwar su ke kawo yawu, su motsa hanji, su rage gudun zuciya, su tsuke ƙwayar ido. Maganin ga su yake toshe wa hanya don hanji shi bar murɗawa. To kai ka toshe su gaba ɗaya, har gumi ya ɗauke." Baba ya ce, "Ni ciki na aike shi, wa ya aike shi baki?" Majo ya ce, "Magani bai san unguwa ba, Baba, duk gari yake zagayawa." Sannan ya juyo kaina ya wanke ni tas a kan bai wa wani maganin da aka rubuta mini.

Sun riƙe shi har washegari, mahaucin na zaune gefensa yana jiƙa masa leɓe da tsumma. Da yawu ya dawo, Baba ya nemi gafarar amininsa a gaban jama'a, sannan ya sa aka kira ni. Na durƙusa a gabansa. Ya karanta addu'a mai tsawo, ya tofa mini a ka, tofin da sai da na canza kallabi.

Tun ranar ban sake miƙa wa kowa ragowar magani ba. Na kuma gane cewa kunyar da ta hana ni faɗin "guda ɗaya ake sha" ba ladabi ba ce. Kalma huɗu na haɗiye, suka kusa cin ran tsoho da amincin shekara arba'in.