Ƙarshen littafi mai jan bango

Har yau idan na tuna abin da editan nan ya yi mini, raina ɓaci yake yi. Wata 'yar mujalla ce da ake bugawa a Kano don masu sha'awar tsofaffin littattafan kasuwa, irin na 'yan fashi da 'yan sandan ciki da jarumai masu wuƙa a ƙugu, waɗanda takardarsu ke yin rawaya tun ba su shekara ba. Ni ne mai aiko musu rubutu daga Maiduguri. Ba biyana ake yi ba, so ne kawai. A watannin da aka katse mana layin waya, sai in je wani shago a Moduganari a buga mini, in ba direban motar Kano hannu da hannu.

Duk abin da na sani na waɗannan littattafai a rumfar wani dattijo na same shi, a Limanti. Baba muke ce masa. Da can dillalin shanu ne, da ƙafa ta gaza sai ya koma ba da hayar littattafai. Yana da wata dabara da ban taɓa gani wurin kowa ba. Duk littafin da ya saya, sai ya sa reza ya yanke shafukan ƙarshe, ya adana a gwangwanin alewa. Ka tafi da littafin gida, amma in kana son jin yadda aka ƙare, dole ka dawo da shi, ka zauna a benci, ya miƙo maka ƙarshen. Kuma da ƙarfi za ka karanta, don Baba ajami ya iya, bai iya boko ba. Shi ya sa ya san ƙarshen kowane labari, farkon ne bai sani ba. Mukan tsokane shi da cewa shi kaɗai ne mutumin da ya san wanda ya yi kisa amma bai san wa aka kashe ba.

Da rikici ya yi tsanani, wuta ta ci layin rumfunansu. Littattafan da ke gidansa sun tsira, gwangwanin ya tafi. Baba ya kwanta ciwo, idonsa ma ya fara dushewa. Sai na riƙa hawa keke daga Mafoni bayan la'asar, in karanta masa farko, shi kuma ya ba ni ƙarshe da ka. Haka muka yi ta yi har muka zo kan wani mai jan bango, na ƙarshe da ya saya, wanda ya yanke amma ba wanda ya kai ga haya. Labarin wani direban babbar mota ne da 'yan fasa-ƙwauri suka jefa a rijiya. A nan takarda ta ƙare, yana cikin rijiya, ruwa ya kai masa wuya.

"Ɗana, ni da hannuna na yanke shi," in ji Baba. "Ka tambayar mini mutanen Kano. Ba za a rasa mai irinsa ba."

Na zauna na yi rubutun da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na kwatanta bangon, na ba da labarin har bakin rijiya, na bayyana dabarar gwangwani. A ƙasa na roƙi duk mai wannan littafi ya aiko da shafukan ƙarshe, ko ya faɗi abin da ya faru, don mai tambayar ba shi da lafiya.

Da mujallar ta iso, sai da na duba sunana sau biyu. An sa wa rubutun wani babban take wai dattijo yana karatu a tsakiyar harsasai. Mutumin da bai iya boko ba. An cusa ƙarar bindiga a inda ban sa ba, an ce muna kwana da yunwa. Direban da rijiyarsa an taƙaita su a layi ɗaya. Roƙon da na yi kuwa, wanda saboda shi aka yi rubutun gaba ɗaya, an share shi sarai.

Da layin waya ya dawo, editan na fara kira. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba.

"Malam, ina tambayata?"

"Ai fili ne ya yi kaɗan," in ji shi. "Kuma gaskiya masu karatu halin da kuke ciki suke son ji. Ka ga saƙonnin jaje da suka shigo kuwa?"

Na ce masa halin da muke ciki rediyo na faɗa safe da yamma, ba mu rasa mai yi mana jaje ba. Mujallarsa ta masu karatu ce, mu ma masu karatu ne, tun kafin a san mu da wani abu daban. Yanzu da an ji Maiduguri sai kowa ya langaɓe kai, kamar ba mu da sauran wata magana. Ya ba ni haƙuri, ya ce zai sa a fitowa ta gaba. Mujallar da sai ta ga dama take fita. Fitowar ta zo bayan mun yi sadakar bakwai ɗin Baba.

Amma kafin nan na kai masa wadda ta fito. Yana kwance a zaure kan tabarma, ya shafa takardar da yatsunsa, ya ce in karanta masa abin da mutanen Kano suka ce.

"Baba, sun ce Allah ya kawo mana sauƙi."

"Amin, amin. Sun kyauta." Da ya ji ban ƙara komai ba, sai ya juyo da fuskarsa wajena. "To, direban fa? Ya fito?"