Wa Zai Rataya Raga Bayan Anti Gola?

Kullum da sassafe, kafin mai shayin bakin titi ya gama hura wuta, Anti Gola ta riga ta wuce shi da buhu a ka, tana jan ƙafar hagu. Raga biyu ne a buhun, sun sha ɗinki har ba a gane zaren asali. Filin ƙwallon unguwarmu ɗaya ne tal, dokarsa kuma ba a rubuce take ba: wanda ya fara rataya raga a turaku, shi ke da filin har rana ta yi zafi. Shekara goma sha tara tana riga maza, don 'yan mata su sami wurin atisaye. Sau biyu kacal ta makara, duka biyun kuwa haihuwa ta je yi.

Yayyenta maza ne suka fara tsayar da ita a gola tana yarinya, don ba mai son wurin. Suka yi ta narka mata ƙwallo don ta yi kuka ta koma gida. Ba ta koma ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana tsaron gida a ƙungiyoyi uku, ƙaramin yatsanta na dama ya karye ya warke a karkace. Sau biyu aka kira ta sansanin 'yan wasan ƙasa, sau biyu ta dawo ba a sa ta wasa ko na minti ɗaya ba. Har yau in aka tambaye ta dalili sai ta juya hannu.

"Sun ce na fi kowa kamu, sun kuma ce in zauna a benci. Ku da kuka yi karatu, ku warware mini."

Ni dai na yi karatun, ban warware ba.

Da ta koma koyarwa, gida-gida ta riƙa bi tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su buga ƙwallo. Babana kafinta ne, kuma da farko korar kare ya yi mata. Washegari ta dawo shagonsa ta zauna. Rana ta uku har katako take riƙe masa yana yanka.

"Baiwar Allah," in ji shi, "ke ba ki da aikin yi ne?"

"Ina da shi, Malam. Yana cikin gidanka yana wanke-wanke."

Dariya ta ƙwace masa, ya sallama. Sharaɗi ɗaya ta yi masa alkawari, ta kuma ɗora wa kowace yarinya: duk ƙarshen zango a kawo mata takardar sakamakon jarrabawa, wadda ta faɗi ta ajiye takalmin ƙwallo. An ce za mu lalace, an ce ba mai aurenmu, an jefe mu da baƙar magana a hanya muna sanye da dogon wando. To, masu faɗa su zo su ƙirga. A cikinmu akwai malamai, akwai ungozoma, akwai biyu da ke buga wasa a manyan ƙungiyoyi, ni kuma ina ɗakin gwajin jini a asibiti. Ba mu sunkuyar da kai a lokacin ba, balle yanzu.

Watan jiya likita ya duba gwiwarta ya ce ta daina zuwa fili, in tana son ta ci gaba da takawa. Muka yi mata taron ban kwana a filin. Dogo, kocin maza, ya tashi ya yabe ta har ya share ido, sannan ya ce, "Gobe kuma, da yardar Allah, mu ma za mu ɗanɗani filin nan da sanyin safiya." Aka yi dariya. Ni ban gane ko wasa yake yi ba. Ita kuma ba ta faɗi wadda za ta gaje ta ba, ta karɓi kyaututtukanta tana kallonmu kamar ita ce baƙuwa a wurin.

Da la'asar na dawo gida na tarar da buhun a ƙofarmu. Ba saƙo, ba takarda. Na ɗauke shi na nufi gidanta. Tana zaune a tsakar gida, ƙafa a kan kujera, tana juya usur a hannu.

"Anti, wannan kyauta ce ko umarni?"

"Wallahi ban sani ba. Na fita in kai wa kyaftin ɗin 'yan matan, sai na tuna tana da jarrabawa. Na nufi wajen ungozoma, na tuna dare take kwana a aiki. Ƙafa ce ta kawo ni ƙofarku."

"Ni ma ƙarfe takwas nake shiga aiki."

"Na sani. Ai ni na matsa muku karatun." Ta ajiye usur ɗin. "Duk wadda na rena, karatu ya ɗauke ta. Yanzu ban san ko gyara na yi ko kaina na yi wa ba. In maza suka rataya tasu kwana bakwai a jere, shi ke nan, ƙananan nan sun rasa fili."

Maigidanta ya leƙo daga ɗaki. "Tun ɗazu take tambayata ƙarfe nawa masu ritaya ke tashi. Na ce mata in na yi tawa zan gaya mata."

Ban ce na karɓa ba, ban ce na ƙi ba. Amma washegari na ga kaina a fili ina kokawa da igiya, 'yan mata goma sha huɗu suna kallona. Ina ɗaure kusurwar ƙarshe sai ga Dogo da tasa ragar a kafaɗa. Ashe ba wasa yake yi ba.

"Likita, ai ragar nan a juye take!"

"A juye ko a miƙe, Koci, ta dai riga taka."

Anti Gola, ke ce katangar da ba ta tsagewa. Ke ce aka ajiye a benci ba dalili, kika tashi kika shimfiɗa wa wasu fili. Kin tambaya ko gyara kika yi. Ban iya warware miki zancen benci ba, amma wannan na san amsarsa: gyara kika yi, sai dai kayan da kika ɗauka ke kaɗai ya fi ƙarfin kai ɗaya. Mun gode. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya saka miki da alheri.

Ku kuma 'yan uwana da kuka ci moriyar safiyarta, yabo a baki ba ya rataya raga. Kwana bakwai ne a mako. Na ɗauki Litinin da Alhamis. Buhun yana bayan ƙofarmu, saura kwana biyar ba su da mai su, Dogo kuwa ya sayi agogo mai ƙararrawa.