Mutum Huɗu a Kan Benci Guda

Shekarar da aka ba ni aji shida a firamaren ƙauyenmu, kusa da Bukkuyum, kaina ya kumbura. Na sayo wani littafi a Gusau mai cike da tambayoyin gwajin basira, irin waɗanda ake sakawa a jarrabawar shiga makarantar kwana, na dawo ina jin daga Anka har Gummi babu mai tunani irina. Tambayoyin duk jirgi ɗaya ya kwaso su: wane ya fi wane tsawo, wane bai kai wane ba, to wa ya fi kowa gajarta? Mutanen cikin littafin nan ba sa noma, ba sa kiwo, ba sa zuwa ta'aziyya. Aikinsu kawai su jeru a auna su.

Dabara guda na koya wa yara, kuma na yi ta nanata ta har suka haddace: kafin ka nemi amsa, fara soke abin da ba zai yiwu ba, abin da ya rage shi ne gaskiya. Ina faɗa ina buga alli a allo kamar ni na ƙirƙiro ta.

A ajin akwai wata yarinya daga rugar bayan gari, wadda sai ta gama tatsa take zuwa, kullum a makare. Kafin in gama rubuta tambaya ta riga ta ɗaga hannu. Wani lokacin sai in juya baya in leƙa ƙarshen littafi in tabbatar, don ni malamin ban kai ga amsar ba tukuna. Sau uku na taka har ruga kafin babanta ya yarda ta zauna jarrabawar, shi ma da sharaɗi: sau ɗaya tak. In ta ci ta tafi makarantar kwana, in ta faɗi karatu ya ƙare, ta koma taya Innarta tallar nono. Na amsa da sauri, don a ganina an riga an gama.

A Gummi aka yi jarrabawar. Da muka shiga ƙaramar bas za mu dawo, sauran yaran sun yi tsuru-tsuru, ita kuwa fuskarta a sake. Ta miƙo mini takardar tambayoyi daga kujerar baya.

"Malam, sun ɗana tarko, amma na gane shi," in ji ta.

Na karanta. Mutum huɗu sun zauna a kan benci guda: maigida, ƙanensa, mijin 'yarsa, da baƙo. Maigida yana wannan ƙarshen benci, baƙo yana wancan. Ƙanen ba ya kusa da maigida. Wa ke kusa da maigida? Wuri biyu ne suka rage a tsakiya, an hana ƙanen ɗaya, ke nan mijin 'yar ne. Tambaya biyar a jere duk a kan bencin nan suka rataya, in ka zaunar da mutum ɗaya ba daidai ba, sauran huɗun sun tafi.

"Wa kika zaɓa?"

"Baƙo mana. Awa yadda kac ce, nis soke abin da ba shi yiwuwa. Mijin ɗiya ba shi zama benci guda da surukinai, ƙasa zai tsugunna can nesa. Takarda ta hidda ƙane. Baƙo ɗai ya rage, zancen yana can ƙarshen benci shi na tarkon."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta kauce wa dabarata ko kaɗan ba. Ni kaina shekara goma sha da aure, ban taɓa cin tuwo a gaban surukina ba, in na hango shi a kasuwar Bukkuyum layin masu wake nake sakewa. Amma wata uku ina koyar da hankali ban taɓa tunanin in ce wa yaran su ajiye na gida a bakin ƙofa ba. Shi kuma wanda ya tsara tambayar, yana can cikin ofis ƙarƙashin fanka, ya manna saurayi a kafaɗar surukinsa ya kira abin gwajin basira. Na mayar mata da takardar, na ce Allah ya ba da sa'a.

Da sunaye suka fito, nata babu. Wani yaro da sai na maimaita masa tambaya sau uku ya samu shiga. Shi bai tsaya tunanin wa ke jin kunyar wa ba, ya jera mutane kamar buhunan gero.

Na tafi ruga da yamma ina shirya roƙon a ba ta shekara guda. Baban ya shimfiɗa mini tabarma, yarinyar ta kawo fura ta koma gefe ta tsaya. Na yi masa bayanin bencin dalla-dalla, don ya gane kuskuren ƙarami ne.

"Ita mi tac ce?" ya tambaya.

"Ta ce mijin ɗiya ba shi zama kusa da surukinai."

"Su kuma mi sunka ce?"

"Sun ce yana zama."

Ya dubi 'yarsa, fuskarsa ta washe. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

"Alhamdu lillahi, ashe na yi tarbiyya. Malam, wurin mutanen ga kaka son in kai ɗiyata? Sha hura, magana ta ƙare."

In ce masa ta yi kuskure, na zagi kaina da shi gaba ɗaya. Na sha furar, ban ji ɗanɗanonta ba.

Da na tashi, ita ta rako ni har bakin shingen shanu da ƙwaryar a hannu. Ba ta yi kuka ba, ni da na fi son ta yi.

"Malam," ta ce a hankali, "da ka hwaɗa mani mutanen takarda ba su da kunya, da na zaunad da shi."