Irin Albasar Babana

Shekarar da albasa ta ruɓe mana a Wurno, ina aji uku a kwalejin koyon aikin gona. Ruwan madatsar Goronyo ya wadata, albasa ta yi kai, aka jera ta a rudu, rumfar ajiyarmu. Bayan wata guda wari ya hana mu zama tsakar gida. Ka ɗauki albasa jawur da ita, ka matsa wuyan, ruwa ya tsiyayo.

Laifi ya faɗa kan irin babana, wanda ya gada daga kakanmu, don rabin unguwa a hannunsa suke karɓa. Kawu, yayan Baba, shi ya jagoranci dattawa har zaure.

"Irin ga ya lalace," in ji Kawu. "A ƙone shi kowa shi huta."

Baba ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganinsa haka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga na ɗauke goran da Baba yake ajiye irin a ciki na rungume.

"Kawu, ku yi haƙuri, ba a ƙone shi sai an gwada."

"Ke mi kinka sani? Boko ɗai ya taɓa cika rudu?"

Na tafi makaranta da goran da ruɓaɓɓiyar albasa a ƙullin zane. Malaminmu ya nuna mini abin da har yau nake mamakinsa. Akwai ƙwayoyin cuta a jikin irin Baba, akwai a cikin ruɓaɓɓiyar albasar. Duk dangi ɗaya ne, ko a madubin bincike ba ka bambanta su, amma wasu sun gaji yin dafi, wasu ba su gada ba. Muka ɗiga su a kan ɓawon jar albasa. Na jikin irin Baba kwana huɗu ba su yi komai ba. Na cikin ruɓaɓɓiyar kuwa sun kashe wurin, ja ya koma fari.

To ta ina masu dafin suka shiga? Sai na tuna gabu. A wurinmu ba a jiran ganyen albasa ya bushe, ɗanye ake yanke shi a daka a shanya don miya. Wuƙa ɗaya take bin fangali bayan fangali, ta yanki mai ciwo ta yanki mai lafiya, ta bar wuya a buɗe. Ni kaina na yi yankan nan tun ina ƙarama.

Da na faɗa, mata suka ce na zo raba su da miya. Ban kula ba. Na sa Baba ya shuka irinsa, na hana kowa taɓa ganyen har ya kwanta ya bushe da kansa. Inna ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Rudunmu ya kai damina ba wari. Na Kawu, da ya sayo sabon iri ya yanki gabunsa, ya sake ruɓewa.

Da lokacin shuka ya zo, sai ga Kawu da ƙoƙo a hannu, yana kallon ƙasa. Baba ya miƙo mini goran.

"Ke ad da shi yanzu. Ki zuba mai in kin so."

Na cika ƙoƙon har ya yi tozo. Na ce, "Kawu, ga iri. Wuƙar dai ku bar ta gida."